Baƙon Inji

Ran Talata muka ɗora shi, nan bayan Ƙofar Ƙaura,
ɗan Beljiyam, da kakidin wata ƙasa a jikinsa,
sarƙa na kuka a reshen dalbejiya.
Sallau ya murɗa makulli, bugu ɗaya ya tashi.
Na ce wa Malama Kuluwa: hau, an gama.
Ashe bakina ya riga kunnena.

Ran Alhamis sai ga ta.
Ba ta ko kashe motar ba, ta ce: taɓa ka ji.
Sitiyari na ɓari kamar mai masassara,
allura ta hau, ta faɗo, ta sake hawa,
salansa na tari irin na tsohon mashayin taba.
Ta ce: wannan a tsaye ke nan.
A hanyar Batagarawa kuwa giya ta biyu
riƙe ni take kamar mai bina bashi,
in ta ga dama ta saki, sai gwaram,
takardun jarrabawar yara duk a ƙasa.

Na canza fulogi huɗu. Banza.
Na wanke totur da fetur har na ga fuskata.
Na zaro sandar man giya,
ja kamar zoɓo, ba ƙauri, ba gari.
To ina ciwon?

'Yan zaman benci ba su rasa magani.
Wani ya ce giyabos ta mutu, a yi mata sutura.
Mai rake ya ce baki ne, a nemo rubutu.
Na ce to,
don ba a musu da wanda hannunsa ba baƙin mai.

Sai da magariba ta kawo jiki,
mai walda ya kashe janareta, gareji ya yi tsit,
na kwantar da kunne bisa baƙon nan
kamar ungozoma.
Can ƙasa, bayan inda hannu ke kaiwa,
wani siririn tsaki, sssss.
Tiyo ne, bai kai kaurin karan dawa ba,
ya tsage, yana shan iskar da ba a auna masa ba.
Na yanke ruɓaɓɓen, na cusa sabo.
Rawa ta ragu. Ba ta daina ba.
Giya kuwa tana nan da gardamarta.

Da safe na haɗiye girman kai, na kira Nalado rewaya.
Ya zo da 'yar fitilarsa mai wutsiya,
yana tsikarar wayoyi, bai ce mani uffan ba.
Can ya ɗago: wannan sensar totur ba yarensu ɗaya da birenbos ba.
Ƙafa ta ce kaɗan, ita ta kai rahoton da yawa,
giya kuma abin da aka gaya mata take bi.
Ina tsohon injin?

Yana can gefen katanga, kaji na kwana a kansa,
wanda na ce ba ya da sauran amfani sai ga 'yan gwangwan.
Muka kwance tasa, kusoshi biyu kacal.

Sannan Nalado ya ɗago wata baƙar waya
tana lilo bayan batir, bakinta ba kowa.
Ya ce: wa ya manta da at?
Sallau ya dubi ƙasa, yana jiran faɗa.
Ni ne. Da hannuna na kwance ta ran Litinin,
na tafi amsa waya.

Na ɗora kofin shayi bisa murfin inji.
Ruwan ya kwanta luf, ko gezau.
Muka ɗauki hanyar Daura,
ɗaya, biyu, uku,
ban ji shigar ta huɗu ba, sai dai allura ta sauko,
Sallau na dariya a baya kamar motarsa.

Da la'asar Malama ta buɗe jaka: nawa?
Na ce kuɗin tiyo da na Nalado.
Ta ce naka fa?
Na goge hannu da tsumma,
na daɗe ina gogewa.